Shafin da Smaranda Ta Ƙi Juyawa

Octavian Bratu ɓarawo ne. Na faɗa tun farko don kada wata ta kai rabin labarin nan ta fara jin tausayinsa saboda kyan fuska da dogayen yatsu. Bai fasa shagon kowa ba, bai zare jakar kowa a tasha ba. Kukan da wata yarinya ta yi wa mahaifinta ya ɗauke, ya sa sunansa a kai, ya kai wa wata mace toshi.

Yarinyar ita ce Smaranda Oprea. Ranar wata Lahadi da la'asar, a ɗakin shiri da ke bayan dandamalin zauren kiɗa na garinmu Sibiu, tana tsaye riƙe da takardar shirin taro. Mutane sun fara cika kujeru, ana jiyo hayaniyarsu ta bango.

"Tavi, karanta mini layin ƙarshe. Wataƙila idona ne."

Octavian, wanda take kira Tavi, bai juyo ba. Yana gaban madubi yana gyara wuyan rigarsa.

"Smara tawa, ba yanzu ba..."

"Yanzu. Karanta."

Bai karanta ba, don ya san abin da ke ciki. Kiɗan da za a rufe taron da shi ita ta rubuta, ta sa masa suna Rakiya. A takardar kuwa an buga Alkawari, na Octavian Bratu.

Tun suna makarantar kiɗa suke tare. Shi yana kaɗa fiyano, ita tana juya masa shafi. Kiɗan mutanen da, makaɗi haddace shi yake yi, ya hau dandamali shi kaɗai. Sabon kiɗa ne ake ajiye littafinsa a gaba, kuma tunda hannu biyu suna kan aiki, dole wani ya zauna a hagu yana juya takarda. Mai wannan aiki baƙaƙen kaya take sawa, ta shigo a bayan makaɗi, ta fita a bayansa. Ba a buga sunanta, ba ta rusunawa idan an yi tafi. Smaranda ta yi shekaru a kan wannan ƙaramar kujera, tana ganin tafin da ake yi masa kamar nata ne.

Mahaifiyarsa, Madam Veturia, matar marigayi likita, ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba. 'Yar direba take cewa, ko yarinyar shafi. Ranar da Tavi ya kai ta gida cin abinci, matar ta tambaye ta a gaban baƙi ko a ƙauyen uwarta sun san cokali mai yatsu. Ita ma uwar Smaranda, Tanti Anica, ba ta so abin ba da farko. Ta ce ba ta yarda da namijin da yake leƙa fuskarsa a gilashin kowace mota ba. Amma ta ga 'yarta ta yi nisa, sai ta haƙura, har takan naɗa masa kabeji da nama ta aika masa.

Da sanyin shekarar da ta gabaci wannan taro mahaifin Smaranda ya rasu. Gligor, direban bas, mutum marar hayaniya. A bakin kabari Tanti Anica ta yi masa kukan gawa irin na matan ƙauyensu, wanda ake rerawa ana kiran mamaci da sunansa ana yi masa tambayoyin da ba zai amsa ba. Smaranda ba ta yi kuka ranar ba. Sai bayan sadakar arba'in, da aka gama raba dafaffiyar alkama mutane suka watse, ta zauna gaban tsohon fiyanon gidansu ta fara zuba muryar uwarta a takarda. Wata da watanni tana yi. Da ta gama, wa za ta ba in ba Tavi ba?

Ya yi mata alkawari biyu. Zai kaɗa shi a babban taronsa, kuma idan ya gama zai yi abin da ake yi wa duk marubucin kiɗa da ke raye: ya nuna ta da hannu, ya tsayar da ita a gaban jama'a ta karɓi tafinta. Na biyu, a ranar zai sa mata zobe, uwarsa ta so ko ta ƙi.

Wannan ranar ce ta zo, ga kuma takarda a hannunta.

Da ya ga ba za ta bari ba, ya juyo ya kama kafaɗunta ya fara bayani da muryar nan tasa mai laushi. Wai akwai wani mutum daga birnin Vienna a layin gaba, mai ɗaukar makaɗa yana kai su manyan biranen duniya. Wai masu kaɗa fiyano sun yi yawa, mutumin yana neman wanda yake kaɗawa kuma yake rubutawa. Wai na yau ne kawai, daga baya za a gyara.

"Me ya rage tsakanina da ke? Sunana ai naki ne. In an ce Bratu, ba ke ake nufi ba nan gaba kaɗan?"

"Babana ne a ciki, Tavi."

"Na sani, rabin raina."

"Mama tana sama, a kujerun baya. Ta sa gyalenta na coci. Ta sayo maka fure."

Ya sunkuyar da kai. Ina so in yi masa adalci: a wannan lokaci ya ji kunya. Amma kunyar da ba ta hana mutum komai ba, ba ta da amfani.

Ana haka aka turo ƙofa ba sallama. Casiana ce, 'yar mai zauren, cikin jar riga mai jan ƙasa. Ita ta gayyato mutumin Vienna, ita ta kai takardar wurin bugawa, ita kuma ta yi watanni tana shan shayi da Madam Veturia. Ta dubi Smaranda daga sama zuwa ƙasa, ta yi murmushi.

"Au, kina nan? Don Allah yau kada ki lasa yatsa kafin ki juya, ana gani daga layin gaba."

"Ban taɓa yi ba."

"To madalla. Kuma ki ɗan ja kujerarki baya, masu hoto suna so su same shi shi kaɗai."

Ta gyara masa furen aljihu kamar mai gyara kayanta, ta fita. Smaranda ta tambaye shi me ke tsakaninsu. Ya rantse da kabarin mahaifinsa babu komai, zauren ubanta ne kawai, dole a lallaɓa ta. Ya sumbaci goshinta, ya ce in ba ta zauna a gefensa ba yau ya mutu, don bai riƙe kiɗan a ka ba, ita ma ta sani.

Ta sani. Sau nawa tana roƙonsa ya zauna ya haddace, yana cewa ai tana nan. Har ya taɓa cewa cikin wasa kiɗan yana warin ƙauye.

Ta goge idonta ta ce za ta zauna.

Ku 'yan mata, nan ne ta yi kuskure, kuma ba zan ɓoye ba don ina son ta. Wanda ya ɗauki abinki ya ce ki riƙe masa fitila ya ƙirga, ba tsayawa zai yi a nan ba.

Kashin farko na taron shi kaɗai ya hau. Ya kaɗa kiɗan bege na mutanen da, irin wanda samari masu tarin fuka suka rubuta wa matan da ba su samu ba. Kuma ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Fiyanon ya yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashi, can ya tashi kamar hadari, ya sake kwantawa. Tsofaffin mata suna share ido. Smaranda tana bayan ƙofa, ta jingina kanta da katako, zuciyarta tana narkewa. Ta ce wa kanta mutumin da yake kiɗa haka ba zai zama mugu ba. Da yawa sun faɗa wannan rami. Hannu daban, hali daban.

Bayan hutu suka fito tare, shi a gaba, ita a baya rungume da littafin. Ta buɗe shi a kan fiyano, rubutun hannunta ne tun daga farko har ƙarshe. Ta zauna a hagu, ta haɗa gwiwoyi. Ta ɗaga ido sau ɗaya ta hango uwarta can sama, da baƙin gyale, da jajayen furanni uku a cinya.

Tavi bai zauna ba. Ya matsa bakin dandamali ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit. Ya dubi layin gaba, inda uwarsa take zaune tsakanin Casiana da baƙon Vienna. Madam Veturia ta gyaɗa masa kai.

"Wannan kiɗa na rubuta shi ne a lokacin da zuciyata ta san inda za ta zauna," in ji shi. "Na sa masa suna Alkawari. Kyauta ce ga wadda ta amince za ta zama matata... Casiana."

Zauren ya ɗauki tafi. Casiana ta miƙe rabi, ta ɗaga hannu, zobe yana walƙiya a yatsanta. Ashe tun kafin ya rantse da kabarin ubansa zoben yana aljihun jakarta.

Smaranda ba ta motsa ba. Mai juya shafi ba ta motsi. Waɗanda suke kusa sun ce fuskarta ta yi fari kamar takardar da ke gabanta, shi ke nan.

Ya zauna, bai kalle ta ba, ya fara.

Kiɗan yana farawa ne da hannun hagu shi kaɗai, a hankali, kamar takun masu ɗauke da akwatin gawa a kan ƙanƙara. Sannan hannun dama ya shigo da muryar mace. Mutanen layin gaba suna murmushi suna kallon Casiana, wai suna jin soyayya. Ya kai ƙasan shafi, ya gyaɗa kai. Smaranda ta miƙe, ta kama kusurwar takarda ta sama, ta juya, ta zauna. Jikinta ne yake aikin da ya saba.

Ta juya na biyu. Ta juya na uku.

Daga nan kiɗan yake kai wa wurin da uwarta ta durƙusa a bakin rami ta kira sunan mijinta. Smaranda ta tuna yadda ta yi ta fama da wannan wuri, tana rubutawa tana yagewa. Ta dubi layin gaba. Casiana ta kwantar da kai a kafaɗar Madam Veturia, tana juya zobenta.

Tavi ya gyaɗa kai.

Smaranda ta miƙe, ta sa hannu biyu, ta rufe littafin. Ta ɗauke shi daga kan fiyano, ta koma ta zauna, ta ɗora shi a cinyarta.

Yatsunsa suka ci gaba kaɗan da abin da ido ya riga ya gani, sannan suka fara lalube.

"Smara..." ya ce ta gefen baki. "Smara, buɗe."

Ba ta ɗaga murya ba, amma an gina zauren ne don ƙaramin sauti ya kai ko'ina.

"Kai ka rubuta. Ci gaba."

Ya koma baya ya sake kamo layin, ya zo daidai wurin, ya tsaya. Ya sake. Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa. Ya yi ƙoƙarin ƙirƙiro wani abu, sai hannunsa ya zame ya faɗa cikin kiɗan da ya kaɗa kafin hutu, wanda kowane yaro a garin nan ya sani. Wani ya yi dariya a baya ya toshe baki. Mutumin Vienna ya cire tabarau ya ninke.

Tavi ya ɗauke hannuwansa. Shirun da ya biyo baya ya fi kowane zagi.

A cikin shirun nan ne murya ta sauko daga sama. Tsohuwar murya, mai kaushi, ba ta makaranta ba. Tanti Anica ce a tsaye, ta kama ƙarfen baranda da hannu ɗaya, ta ɗauki kiɗan daidai inda ya yanke.

"Gligor, Gligor, wa ka bar wa makullin gida? Ka fita ba hula, ga sanyi ya sauko. Gligor, juyo ka ga 'yarka..."

Ba wanda ya buƙaci bayani. Rabin mutanen da ke zauren, duk da kwat da turarensu, kakanninsu daga ƙauye suka fito, sun san kukan gawa idan sun ji. Muryar tsohuwar da abin da fiyano ya gama kaɗawa abu ɗaya ne, ba bambanci. Wata mata ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Wani dattijo ya juya ya dubi Casiana, ya ce a fili, "Kukan mamaci aka ba ki na baiko, 'yata."

Casiana ta tashi ta fita da sauri, jar rigarta tana kama ƙafafun kujeru. Madam Veturia ta miƙe tana cewa a kira 'yan sanda, 'yar direba ta haukace, amma ba wanda ya kula ta.

Tanti Anica ta gama baitinta, ta sauko ta matakala a hankali saboda gwiwa, ta ratsa tsakiyar zauren har gaban dandamali. Furanni uku ta sayo, kamar yadda ake kai wa mai rai. Ta zare ɗaya ta miƙa wa 'yarta. Sauran biyun ta ajiye a bakin dandamali, daidai ƙafar Tavi. A ƙasar nan gawa kaɗai ake kai wa fure bibbiyu.

"Taso, 'yar tsakona," ta ce. "Mu je gida."

Mai zauren ya tare su a ƙofa yana share wuya, ya roƙi Smaranda ta hau ta ƙarasa kiɗan, ko taron ya tashi da mutunci. Ta ce an binne babanta sau ɗaya, yau an tone shi, ba za ta sake binne shi don mutane su yi tafi ba.

Kada wata ta ɗauka Smaranda ta ci riba. Ta kwanta ciwo har aka fara jin tsoro. Ba makaɗin da ya sake kiran ta ta juya masa shafi, don duk gaskiyarta, ba mai son zama kusa da wadda ta taɓa rufe littafi. Wasu ma sun ce da ta bari an gama, a yi maganar a cikin gida. Masu faɗin haka ba ubansu aka sayar ba.

Da ganyen itatuwa ya fara zuba, Tavi ya zo. Ya tsaya a ƙofar gidansu da rana tsaka, ya rame, bai yi aski ba. Tanti Anica ta buɗe, ta dube shi, ta ce ita ba ta magana da matattu, ta koma kicin. Smaranda ce ta fito.

Ya ce Casiana ta mayar da zobe ta hannun direban ubanta. Ya ce uwarsa ce ta matsa masa, Casiana ce ta tsara komai, shi bai taɓa son kowa ba sai ita. Ya durƙusa a kan siminti, ya kama gefen siket ɗinta yana kuka.

Tana son sa har lokacin. Wannan shi ne abin baƙin cikin. Hannunta ya tafi kansa da kansa, ya kusa taɓa gashin, ta janye.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka amsa, ka shigo."

"Ko nawa ne, Smara tawa."

"Bayan wurin da ka tsaya, me ke zuwa? Ba sai ka kaɗa ba. Rera mini da baki."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya yi wata da watanni yana kaɗa kiɗan nan tana gefensa, ya ji tsohuwa ta rera shi a gaban gari guda, ya kuma yi wata da watanni yana cewa nadama ta hana shi barci. Ko layi ɗaya bai riƙe ba.

"Ka gani," ta ce a hankali. "Da satar ce kawai, wataƙila da na yafe. Ba ka taɓa saurara ba, Tavi. Ba kiɗan ba, ba ni ba."

"Ki ba ni littafin, zan haddace, wallahi zan..."

"Tashi, maƙwabta suna kallo."

Ta shiga ta rufe ƙofa. Ta jingina da ita ta yi kukan da ba ta yi ba a bakin kabari, uwarta tana riƙe da ita.

Smaranda tana nan a Sibiu, tana koya wa yara fiyano a ɗakin gaba na gidansu. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma sake rubuta kiɗa ba. Rakiya sau ɗaya take kaɗa shi a shekara, ranar da mahaifinta ya rasu, taga a rufe. Casiana ta auri wani a Vienna.

Octavian Bratu kuwa, ba zauren da ya sake buɗe masa ƙofa a ƙasar nan. Uwarsa ta sayar da gida ta koma wurin ƙanwarta, ba ta ambaton sunansa. Yana wani otal a bakin teku, yana kaɗa wa masu cin abinci, fiyanonsa a kusa da ƙofar kicin. Ba mai saurarensa, kuma shi yake juya wa kansa shafi.